Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Ƙaramar Hukuma da Rayukan Talakawa

Ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, wani jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau zai haye ruwan Watari zuwa garin Bagwai, cikin Jihar Kano. Yawancin waɗanda ke cikinsa yara ne 'yan makarantar Islamiyya, za su wurin taron Maulidi. Jirgin ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ya kife a tsakiyar ruwa, aƙalla mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan shekara uku da 'yan watanni, watau a ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan Ƙaramar Salla, waɗansu maharba 'yan asalin Jihar Kano suka hau babbar mota daga Fatakwal za su gida. Da suka iso Uromi, cikin Jihar Edo, sai 'yan sintirin garin suka tare su, suka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka yi musu kuwwar masu satar mutane. Kafin hukuma ta kawo ɗauki, taron jama'a ya hallaka mutum 16. Daga baya Gwamnatin Edo da kanta ta bayyana cewa ƙungiyar sintirin nan ba ta da rajista.

Duk lokacin da irin wannan ta auku, abin da muka saba yi guda ne. Mukan yi salati, mu yi wa mamata addu'a, manya su je ta'aziyya da jerin motoci, a kafa kwamiti, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja a nan. Amma fa imani da ƙaddara bai hana a yi tambaya ba. Wa ya kamata ya tsaya a bakin ruwa ya ƙidaya yaran nan kafin jirgi ya tashi? Wa ya kamata ya san sunan kowane ɗan sintiri da ke tare hanya, da wanda ya ɗora shi? Wa ya kamata ya ba maharbi takardar shaidar cewa shi maharbi ne, ɗan gari kaza, jikan wane? A ganinmu amsar tambayoyin nan uku tana komawa ofishi ɗaya, wanda kowannenmu ya san hanyarsa amma ba safai muke waiwayarsa ba: sakatariyar Ƙaramar Hukuma.

Bari mu ɗan koma baya, domin wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya gane inda aka ɓata. A zamanin En'e, hukumar gargajiya tana da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da kotunan alƙalanta, da Baitulmalinta, da malaman daji masu tsaron gandu. Mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa, dagaci ya san mai unguwa, hakimi ya san dagaci. Ba za mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Iyayenmu da suka shiga NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka, an ɗaure mutane saboda ra'ayinsu kawai, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. An yi maganin zalunci guda, amma gurbin da aka bari na sanin mutane ɗaya bayan ɗaya, har yanzu ba a cike shi sosai ba.

Gyaran da aka yi a 1976 shi ya haifi Ƙananan Hukumomi irin waɗanda muka sani. An fara da 301, yau ga su 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44. Manufar ita ce a kawo gwamnati kusa da talaka, yadda manomi zai tashi da safe a kan kekensa ya kai kukansa ya komo gida kafin azahar. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙa tafiyar da su. Jadawali na huɗu kuma ya jera ayyukansu dalla-dalla. Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai su nemi jadawalin nan su karanta, bai fi shafi biyu ba. A ciki za su tarar da cewa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da lasin kekuna da kwale-kwale da baro da amalanke. Ita ce ke kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, ta kula da su, ta tsara musu doka. Ita ce ke gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, ta sa fitilun titi, ta raɗa wa tituna suna, ta ba gidaje lamba.

To, a cikin wannan jeri, wanne ne muke gani da idonmu? Abu ɗaya ne bai taɓa makara ba, shi ne rasit. Ranar kasuwa tun da sassafe mai karɓar haraji ya iso da jakarsa. Mai kura ya biya, mai tallar gyaɗa ta biya, direba ya biya kafin ya fita tasha, mai fito ya biya kafin ya sa jirgi a ruwa. Amma wanda zai duba ko jirgin nan yana yoyo, ko tayar motar nan ta suɗe, ko an ɗora mutum talatin a kan buhunan masara, shi kam sai a wayi gari a yini ba a gan shi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Lasin alkawari ne tsakanin hukuma da jama'a. Duk hukumar da ta karɓi kuɗi ta ba da takarda, ta shaida wa uwar yaro ke nan cewa ta duba abin hawan nan ta yarda da shi. In kuwa ba ta duba ba, ta ci amana.

A cikin birni ma labarin bai sāke ba. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Gwamnatin Jiha ta hana sana'ar acaɓa a cikin birnin Kano. Nan da nan A Daidaita Sahu ta cika gurbin, har ta zama ita ce ƙafar talaka. Dubban matasa sun sami abin yi, wannan abin godiya ne. Sai dai wa ya zauna ya tsara inda za su tsaya su ɗauki fasinja, da inda za su sauke? Birnin Kano da kewayensa Ƙananan Hukumomi takwas ne: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ɗalibin da ya fito daga gida zai tafi lacca yana iya ratsa uku ko huɗu cikinsu a tafiya ɗaya. Hanya ba ta san iyakar hukuma ba, saboda haka tsarin sufuri ba ya yiwuwa sai hukumomin nan sun zauna tare da ta Jiha, da ƙungiyoyin direbobi, sun fitar da taswira guda. Abin da ya fi yawa a garuruwanmu shi ne tasha ta tsiro da kanta a bakin titi kamar ciyawar damina, in ta yi ƙarfi hukuma ta aiko mai rasit.

Batun tsaro ya fi wannan nauyi. Sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, kuma kowa ya san yawansu bai kai ya game ƙauyuka ba. Da bango ya tsage, jama'a suka tashi kare kansu. A Maiduguri 'yan kato da gora sun fito a 2013. A Adamawa maharba sun taimaka wa soja wajen fatattakar Boko Haram a 2014. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawanta a 2024. Ba mu raina sadaukarwar mutanen nan ba, da yawa cikinsu sun ba da rayukansu domin mu kwana lafiya. Amma gaskiya ɗaya ce, ko a Edo ko a gida. A Zamfara kisan da waɗansu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yau ba ta mutu ba. Mutum da makami, babu rajista, babu horo, babu wanda zai tuhume shi in ya yi ɓarna, yau mai gadi ne, gobe Allah kaɗai ya san abin da zai zama. In mun yi kuka da abin da aka yi wa 'yan'uwanmu a Uromi, lalle ne mu dubi shingayen da ke kan hanyoyinmu mu tambayi kanmu wane baƙo ne zai ratsa su cikin kwanciyar rai.

Farauta kuwa sana'a ce mai asali, tana da sarautunta da ladubbanta. A da, sai an kawar da amfanin gona ake buga gangar farauta, Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ya san wanda ya fita da wanda ya komo, kuma maharbin ƙwarai ba ya harbin dabba mai ciki. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta zo ta ƙara tsari, ta ware dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda sai da lasin. An keɓe dajin Yankari tun 1956, ga shi har yanzu yana riƙe da ɗaya daga cikin 'yan garkunan giwaye da suka rage a Nijeriya. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Dokoki dai ga su a takarda. Amma da malamin daji ya ɓace, sai farauta a wurare da yawa ta koma cinna wa daji wuta da faɗan ƙungiyoyi a kan zomo guda. Dazuzzukan da aka bari babu mai tsaro kuwa, irin su Sambisa, wanda asalinsa gandun namun daji ne, da Rugu da Kamuku da Falgore, duk mun san waɗanda suka mai da su mafaka.

Za a ce mana, ai 'yan sanda na Tarayya ne, lasin bindiga a hannunsu yake, dokar namun daji ta Jiha ce, manyan koguna kuma akwai hukumar Tarayya mai kula da su. Haka ne. Za a kuma ce takarda ba ta tsayar da taron da ya fusata. Wannan ma muna karɓa, kuma alhakin jinin Uromi yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma kwamishinan 'yan sanda da ke babban birnin Jiha ba zai taɓa sanin maharban ƙauyenmu da sunayensu ba, mai unguwa kuwa ya san su har kakanninsu. Aikin Ƙaramar Hukuma shi ne ta tattara wannan sani da ke kan mai unguwa da Sarkin Ruwa da shugaban tasha, ta mai da shi rubutacce, yadda hukumar sama za ta iya aiki da shi.

Za a sāke cewa babu kuɗi. Shekara da shekaru wannan uzuri yana da ƙafa. Kason Ƙananan Hukumomi daga asusun Tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, amma ta asusun haɗin gwiwa da Jiha yake biyowa, gwamnoni da yawa kuma suka riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Ranar 11 ga Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa Tsarin Mulki. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, kuma wajibinmu ne mu matsa sai an bi shi. Sai dai mu sani, kuɗi in sun sauka a hannun ciyaman da babu mai tambayarsa, wurin ɓatansu kawai aka sauya.

Abin da muke nema ba ya bukatar miliyoyi. Na farko, kowace Ƙaramar Hukuma ta buɗe littafin rajistar 'yan sintiri, da suna da hoto da mai tsaya wa kowane, a kai kwafinsa ofishin 'yan sanda na yanki, kuma doka ta fito fili cewa wanda aka kama hannun hukuma za a miƙa shi nan take. Na biyu, a rubuta wa kowane jirgin fito adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa da fenti, a hana fito bayan faɗuwar rana, a tanadi rigunan ruwa daga cikin kuɗin lasin, a sa ma'aikaci a bakin ruwa ranar kasuwa da ranar biki. Na uku, kada mota ta fita tasha sai an rubuta sunayen fasinjojinta, a kuma hana ɗora mutane a kan kaya. Na huɗu, a yi wa maharba rajista ta hannun sarakunansu, a sanar da ranar buɗe farauta da ranar rufe ta, kuma duk ƙungiyar da za ta tafi wata Jiha ta riƙi wasiƙa, a kuma sanar da hukumar inda za ta. Majalisar kansiloli tana da ikon kafa dokokin yankinta, yawancin abubuwan nan zama ɗaya ya ishe su.

Saura mu. Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mun iya zagin Abuja a ɗakin kwana har asuba, amma mu nawa ne muka san sunan kansilan mazaɓarmu? Mu nawa muka taɓa neman ganin kasafin kuɗin Ƙaramar Hukumarmu? In an tura ɗayanmu aiki ƙauye, sai ya shiga neman wanda zai yi masa hanya a mai da shi birni, alhali kuwa da harajin mutanen ƙauyen nan aka gina azuzuwan da muka zauna. Wanda ya karanta tsara birane, ga tasha tana jiransa. Wanda ya karanta shari'a, ga kansiloli suna bukatar mai rubuta musu doka. Wanda ya karanta ilmin gandun daji, ga Sarkin Dawa ya tsufa babu mai rubuta abin da ya sani.

Muna ba ƙungiyoyin ɗalibai na kowace Ƙaramar Hukuma shawara, a hutun nan mai zuwa su rage kuɗin liyafa, su tafi sakatariya cikin ladabi da tambayoyi uku a rubuce: jirage da motoci nawa kuka ba lasin bana, kuma wa ya duba su? 'Yan sintiri nawa ke aiki a ƙasarku, kuma ina sunayensu? Maharba nawa gare ku, kuma yaushe ake buɗe farauta? Duk amsar da aka samu, ko da shiru ce, a kawo mu buga a wannan mujalla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tun da rani ake gyaran jinka.

Allah ya jiƙan yaran Badau da maharban da suka rasu a Uromi, ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Amin.