Kada A Sake Yi Wa Ɗan Acaɓa Doka Ba Ya Wurin

Wannan magana ta mai babur ce, ta mai hawa ce, ta uwar da ke jiran ɗanta ya shigo da cefane ce.

Wa ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga? Wa ke fito da buhun masara bakin titi idan damina ta cinye hanya? Wa ke kai yaro makaranta kafin a rufe ƙofa? Ɗan acaɓa ne. Amma duk ranar da gari ya rikice, shi ake fara kamawa.

Ku tuna. An kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja a 2006. An hana babur a Maiduguri a 2011, aka hana acaɓa a Jos a 2012. A Kano, cikin Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a birni da kewaye. Kaduna ta bi sahu a 2014. A Legas, daga farkon Yunin 2022, aka haramta sana'ar a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Baburan da aka kama, inji aka sa ya niƙe su a bainar jama'a, kuma da yawansu na 'ya'yanmu ne da suka je neman halak.

Ba mu musun cewa an yi ɓarna a kan babur. An yi, jini ya zuba, gidaje sun yi kuka. Gwamnati na da hakkin kare rayuka. Sai dai ɗan bindigar da ke daji bai san da zaman dokar ba. Wanda ta kama shi ne magidancin da ya karɓi babur bashi yana biya kaɗan-kaɗan, da matashin da ke kai wa maigidansa balas kowace yamma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da ƙyar yake fitar da kuɗin man ma. Ka ƙwace masa babur, ina zai nufa? Wa zai ciyar da iyalinsa?

To, kuka ya isa. Mu tashi!

Doka ba daga sama take faɗowa ba. A majalisar dokokin jiha ake yin ta, kuma kowace mazaɓa tana da ɗan majalisarta. Ku kuka zaɓe shi. Ranar yaƙin neman zaɓe ma, 'yan acaɓa ne a gaban ayarinsa. Ku nemi ofishinsa. Ku je masa da takarda, da sa hannu, da shugabanninku. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya don kare muradunsa. Ku shiga. Idan akwai reshen ƙungiyar 'yan acaɓa ta ACOMORAN ko wata ƙungiya a garinku, ku halarci taro, ku tambayi inda kuɗin tikitinku ke tafiya. Ƙungiyar da ta iya karɓar kuɗi kullum, dole ta iya tsayawa a gaban majalisa.

Ku ce a yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin a taɓa sana'arku, ko da umarnin daga gidan gwamnati zai fito. Ku ce a yi wa kowa rajista, a ba shi riga mai lamba da tasha sananniya, domin a bambance mai neman abinci da ɓarawo. Ku ce haraji ya zama ɗaya, da rasit, ba a tare mutum a kowace kwana ba. Ku ce duk babur ɗin da aka kama a ba mai shi takardar shaida, a kai maganar gaban alƙali. Wannan ba mafarki ba ne. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa na sanye da riga mai lamba, yana riƙe da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja, yana aikinsa a tsakiyar gari. Ba su fi mu hankali ba.

Yanzu gare ku, ƙannena masu babur, kuma zan faɗa muku gaskiya domin ina son ku dawo gida da ƙafafunku. Ku sa hular kwano. Ku sa ta, ku ɗaure igiyarta! A Janairun 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ta, wasu ƙwarya suka kifa a kai don su wuce jami'ai, wasu kuma suka yaɗa jita-jitar cewa ana asiri da hular. Mu muka yi asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa hula mai kyau, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, ta rage mummunan rauni a kai da kusan kashi 70. Wanda ke shakka ya leƙa Asibitin Ƙashi na Dala ya ga samarin da ke kwance. Ƙafa ana ɗora ta. Ƙwaƙwalwa fa?

Kada ka ɗauki mutum uku. Kada ka bi hannun da ba naka ba. Kada ka sha ƙwaya ka hau babur. Kada ka yi ganganci ranar kai amarya. Gyara birki. Gyara fitila. Duk ganganci ɗaya da ka yi, hujja ka miƙa wa masu son a hana ku baki ɗaya.

Fasinja, daina cewa "yi sauri". Direba, duba madubi kafin ka buɗe ƙofa, ka bar masa hanya, rai ne a kai. Uba, karɓe makulli daga hannun yaron da bai kai ba. Uwargida, kada ya fita sai kin ga hula a kansa. Malam, sa maganar a huɗuba. Mai hali, sayi hula biyu ka kai tashar unguwarku.

Kada mu jira sanarwar dare a rediyo. Yau ka tambayi sunan ɗan majalisarku. Gobe ku zauna a tasha ku rubuta buƙatunku. Ranar Juma'a ku tara sa hannu a ƙofar masallaci. Litinin da safe ku kai takardar majalisa cikin lumana, kowa da hularsa a kai, ku karɓi kwafi mai hatimi, ku tambayi ranar da za a kira ku.