Sai An Auna Kafin A Saya

Akwai wata asara da ke samun masu kwamfuta da masu na'urar wasan nan ta PlayStation 5, wadda ba ta da wani dalili illa ƙyuyar ɗaukar rula. Mutum ya tara kuɗinsa, ya tafi kasuwa ya sayo ma'ajiyar da ake kira SSD, samfurin M.2, wadda aka ɗora wa ƙarfen shan zafi a bisa, ya komo gida ya kwance na'urarsa, sai ya tarar murfi ya ƙi rufuwa. Mai kanti kuwa ba kasafai yakan karɓi hajar da aka riga aka yage kwalinta ba.

Shi wannan ƙarfe ba ado ba ne. Ma'ajiyar 'yar falle ce siririya, amma idan tana aiki da sauri takan yi zafi ƙwarai, in kuwa zafin ya wuce kima sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Aikin ƙarfen shi ne ya janye zafin ya watsa shi cikin iska. Aibinsa ɗaya, watau kaurin da yake ƙara mata.

Lambar da ke jikin kwali ita ce ke yaudarar jama'a. Idan an rubuta 2280, ma'anarsa faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, amma lambar ba ta ce kome ba game da kauri, alhali kuwa a nan gizo ke saƙa.

Kamfanin Sony, wanda ya buɗe ƙofar ƙara wannan ma'ajiya a PlayStation 5 cikin watan Satumba na 2021, ya bayyana ma'auninsa filla-filla. Faɗi, har da ƙarfen, kada ya wuce milimita 25. Kauri gaba ɗaya kada ya haura milimita 11.25, kuma a cikinsa milimita 8 kaɗai aka yarda ya tashi a bisa fallen, 2.45 a ƙarƙashinsa. Wannan rabo shi ne abin lura, domin ana iya samun ma'ajiyar da jimlar kaurinta ta yi daidai, amma ƙarfen da ya naɗe ta ta ƙasa ya yi yawa, ta ƙi kwanciya sosai. Bugu da ƙari, tilas ta kasance NVMe ta zubin PCIe na huɗu. Ta SATA ba ta aiki a ciki. Kamfanin ya kuma ba da shawarar kada a ƙara wani ƙarfe a kan wadda ta zo da nata.

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka shi ma dai gara ya haƙura da mai ƙarfe, don galibinsu ba su da sararin da zai ɗauke ta, wasu ma ko mai fuska biyu ba sa ɗauka. Ɓamɓare ƙarfen kuwa da ƙarfin tsiya na iya fizgo guntayen da ke manne a jiki, garanti kuma ya bi ruwa.

A kwamfutar tebur sarari ya fi yawa, sai dai babban allonta sau da yawa yakan zo da nasa ƙarfen, kuma wani gurbin yana ƙarƙashin katin hoto ne, inda dogon ƙarfe zai tokare shi. Littafin da ya zo da allon yana nuna wurin kowane gurbi da tsawon da yake karɓa.