Tikitin kasuwa muna biya, juji kuwa sai ƙara tsawo yake

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, zai ga abu guda a bayan kusan kowace kasuwa: tulin juji, kamar wani ƙaramin tudu. Kwanan baya na tsaya a ɗaya daga cikin kasuwannin nan bayan ta watse. Ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji, ɓawon albasa, ragowar tuwo da abin da mahauta suka zubar daga tumbi, duka a wuri ɗaya, an cakuɗa su da baƙar leda. Wata jar akuya tana ta kiwo a kai. Mai karɓar kuɗin kasuwa ya riga ya zagaya tun da hantsi, ya yagi tikiti, ya kama gabansa.

Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci da ya haura tan biliyan ɗaya a duniya, kashi 28 cikin ɗari daga gidajen sayar da abinci, kashi 12 daga shaguna. Wani zai ce wannan zancen ƙasashen da suka ƙoshi ne. Da gaskiyarsa, amma rabi. Mutanen Agye da Gidan Rumji, waɗanda suka ga yunwar 2005 da idonsu, ba sa zubar da tuwo don sun raina shi. Asararmu tana faruwa ne tun abinci bai kai akushi ba: cikin mangaza, bisa tabarmar ƴan gwari, da kuma bayan kasuwa.

A da kasuwar Bahaushe ba ta san shara ba. Dusa ta masu kiwo ce. Harawa kuɗi ce. Matan da ke matsar man gujiya suna mai da tunkuza ƙuli-ƙuli. Abin da ya kwana a tukunyar mai tuwo-tuwo yana da masu shi, almajirai ko bisashe. Abin da ya rage kuma ya tafi juji, ya ruɓe, da rani manomi ya zo da amalankensa ya kwashe zuwa gona. Ba wanda ya kira wannan da sunan tsari, amma tsari ne cikakke, kuma ba gwamnati ta kawo shi ba.

Leda ce ta tsinke wannan igiya. Juji mai leda ba taki ba ne. Manomin da ya zuba shi a gonarsa ya sayo wa kansa aikin shekaru, domin leda ba ta ruɓewa, tana hana ruwa ratsa ƙasa, tana shaƙe saiwar hatsi. Akuyar da ta ci kuma, sai ta yi ta rama ba a san dalili ba, har ranar da mahauci zai buɗe cikinta ya ciro dunƙulen leda. Ku tambayi kowane mahauci, zai ba ku labari. Dokar da ta hana shigo da wannan leda da sayar da ita tana nan, lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014. To, ina ta kwana? Ko dai tana cikin durowar wani babban ma'aikaci a Yamai, an naɗe ta cikin leda don kada ƙura ta taɓa ta?

Abin takaicin shi ne gonakin wannan yanki sun gaji. Jama'a ta yi yawa, ba sauran barin gona ta huta, takin zamani kuwa tun da farashinsa ya tashi a 2022 talaka sai dai ya hange shi daga nesa. Ga ƙasa tana kukan yunwa, ga abincinta a bayan kasuwa ana cinna masa wuta.

Kada a ce mutanenmu ba sa karɓar sabon abu. Manoman Ɗan Saga, a gundumar Agye, sun rungumi sassaben zamani har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su ga yadda itatuwa suka komo gonaki. Ƴan kasuwar wake ma shaida ne. Tun wajen 2007 masana na jami'ar Purdue ta Amurka da na INRAN a Maraɗi suka fara yaɗa buhun PICS mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In aka ɗaure shi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwaron wake ya mutu, ba tare da an jefa ƙwayar magani cikin abin da mutane za su ci ba. (Wannan ita ce ledar da ta cancanci a bar ta.) Duk da haka har yanzu akwai masu mangaza da suka gwammace su yi asarar tiya da yawa a kowane buhu da su sayi buhun kirki. Wannan ba tattali ba ne, rowa ce mai cin mai ita.

Laifin ƴan kasuwa ke nan. Na hukuma ya fi girma. Kuɗin kasuwa ba kyauta ba ne, ladan aiki ne. Abin da ake bukata bai kai a kira taron ƙara wa juna sani a otel ba: ramuka biyu ko uku a gefen kasuwa, amalanke guda, da samari kaɗan da za a biya su ware leda gefe. A jera ragowar ganye da kashin dabbobi da toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa, cikin wata biyu zuwa uku taki ya nuna. Masu noman aya a Cadawa da masu lambu a bakin Gulbin Maraɗi za su saye shi tun bai huce ba. Sarkin kasuwa da sarkin fawa su ɗora wa mutanensu cewa kowane tebur ya ware abin da ke ruɓewa daga wanda ba ya ruɓewa. Maganarsu ta fi takardar ofis shiga kunne.

Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun da jama'a suka zaɓa, aka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa, ɗan kasuwa ba shi da kansilan da zai tare a bakin masallaci ya yi masa tambaya. Saboda haka muna yin ta a nan, a madadinsa: a kowane komin na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, nawa aka tara na tikitin kasuwa bara, kuma nawa aka kashe a kan shara? A liƙa lissafin a ƙofar kasuwa, da Hausa, inda mai biya zai gani.