Na tura wa Baffa bidiyon barin tuwo, kwana huɗu ya faɗi a gona

Bari in fara da amsa laifina. Ni na tura bidiyon.

Hutun da ya wuce ina gida Kunduru, ina kwance ina latsa waya, sai na ci karo da wani saurayi a TikTok sanye da farar riga irin ta asibiti. Yana rantsuwa cewa duk mai ciwon suga da ya bar tuwo da shinkafa da biredi na wata guda, shi da magani har abada. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Na tura wa ɗan Baffana ta WhatsApp, shi kuma ya kunna wa tsohon bayan isha'i. Baffa ya shekara shida yana fama da ciwon, ya gaji da haɗiyar ƙwaya, ya fi gajiya da kuɗinta. Washegari ya ce wa Inna kada ta ƙara zuba masa tuwo, ya koma kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai. Ƙwayoyin kuwa ya ce sai ya ƙarasa waɗanda ya saya, tunda ba kyauta aka ba shi ba.

Ranar ta huɗu da hantsi yana gona gumi ya keto masa, jiki na karkarwa, magana ba kan gado. Yara suka rugo gida suna cewa iska ta taɓa Baffa. Allah Ya taimake mu da wani maƙwabci da ya yi makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya. Yana jin wane magani tsohon yake sha, sai ya ce a dama suga a ruwa a ba shi maza tun yana iya haɗiya. Ka ji fa: mai ciwon suga, suga ne ya farfaɗo da shi.

Tun daga ranar na shiga karance-karance, don ina son in san wa ya yi mini ƙarya, mai farar rigar ne ko masu cewa abinci ba ya maye gurbin magani. Abin da na tarar ya fi haka sarƙaƙiya, kuma ya shafe ka kai tsaye. A gidaje da yawa yanzu mu ne masu riƙe da waya, abin da muka kunna wa iyaye shi suke ji.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Duk abinci mai sitaci, gero ne, dawa, masara, shinkafa, rogo ko alkama, in ya shiga ciki narkewa yake ya zama suga a jini. Jiki na da wani sinadari, insulin, shi ne mai buɗe ƙofa sugan ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Mai nau'i na ɗaya na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, jikinsa ya daina samar da insulin, don haka dole sai allura, ba abincin da zai raba shi da ita. Mai nau'i na biyu, irin na Baffa da mafi yawan dattawanmu, jikinsa na samarwa amma bai isa ba, ko ba ya aiki yadda ya kamata. Hujjar masu rage sitaci ba ta da wuyar ganewa: in ƙofa ta cije, ka rage taron da ke bakinta. Masu sassauci suna tsayawa ƙasa da giram 130 na sitaci da suga a yini. Masu tsanani, waɗanda kake gani suna rubuta keto a shafukansu, suna sauka zuwa giram 20 zuwa 50. Don ka gane girman abin, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Malmalar tuwon da muke ci da daddare ta wuce nan.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, duk da yadda ake tallarsa kamar jiya aka gano shi. Tun a 1797 wani likitan soja na Birtaniya, John Rollo, yake ɗora masu ciwon kan nama da kitse. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, horon yunwa da hana sitaci ne kusan kaɗai abin da likitoci ke da shi. Da allura da ƙwayoyi suka zo, sai shawara ta karkata: a rage kitse saboda zuciya, a ci hatsi daidai gwargwado. A kan wannan aka shekara da shekaru ana jayayya.

Jayayyar ta taɓa kaiwa gaban kwamitin ladabtarwa, kuma a matsayina na ɗalibin aikin jarida nan ne labarin ya fi kama ni. A 2014 wani farfesa a Afirka ta Kudu, Tim Noakes, ya amsa wa wata mai shayarwa tambaya a Twitter, ya ba ta shawarar yaye ɗanta da abinci mai ƙarancin sitaci. Aka kai ƙararsa hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar. Sai a 2017 aka wanke shi, aka ɗaukaka ƙara, aka sake wanke shi a 2018. Farfesa guda, saƙo ɗaya, shekara huɗu yana kare kansa. Mai farar rigar da na tura wa Baffa kuwa ko sunansa na gaskiya babu a shafinsa, balle wanda zai tuhume shi.

To wa ke da gaskiya? Abin da zai ba ka mamaki shi ne manyan likitocin duniya sun riga sun matso. A 2019 ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta fitar da matsaya cewa rage yawan sitaci shi ne ya fi samun hujja wajen daidaita sugan jini, kuma babu tsarin abinci guda da ya dace da kowa. A Ingila akwai wani likita a garin Southport, David Unwin, da ya yi suna wajen ɗora marasa lafiyarsa kan wannan tsari, da yawansu kuma suka ajiye magani. Amma lura, shi ne da kansa yake rage musu ƙwayar, yana auna su. A 2021 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta ga cewa a wata shida na farko masu rage sitaci sun fi samun sauƙi, zuwa wata 12 kuma ratar ta ragu sosai. Ɗaya daga cikin dalilan ba ɓoyayye ba ne, mutane gajiya suke su koma abincinsu.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi wajen cewa ciwon na iya lafawa shi ne wanda Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, aka wallafa a 2017. Kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin, sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda, a shekara ta biyu aka koma kashi 36. Masu bidiyo suna son wannan adadi. Abin da ba sa faɗa shi ne ba keto aka yi ba, rage abinci aka yi gaba ɗaya don a zubar da ƙiba. Mutanen duk masu jiki ne, ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba, kuma ba mai yin allurar insulin a cikinsu. Yanzu dubi Baffa. Manomi ne, siriri kamar karan dawa, wace ƙiba zai zubar? Irinsa suna da yawa a ƙasar nan. Har ma a 2025 gamayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya ta amince da wani nau'i na biyar, mai alaƙa da rashin isasshen abinci tun yarinta, wanda ke kama ramammu. Shawarar da aka tsara don mai tumbi a Landan ba lallai ta zauna daidai a jikin mai noma a Kusada ba.

Abin da ya kayar da Baffa kuma ba zogale ba ne. Ƙwayar ce. Yana shan metformin da glibenclamide. Ta farko ita kaɗai ba kasafai take faɗar da suga ba. Ta biyun kuwa matsa wa jiki take ya fitar da insulin, ka ci ko ba ka ci ba. An auna masa ita ne bisa cikin da ke karɓar koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Ya janye abincin ya bar ƙwayar, ga kuma aikin fartanya. Suga in ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, an shiga haɗari, in ya ci gaba da sauka sai suma, wani lokaci sai dai gawa. Haka abin yake ga masu allura. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda ma ba su da hurumin gwada wannan tsari da ka. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Sai dai ba zan wanke ɗaya ɓangaren tas ba. Tambayi duk wani dattijo mai ciwon suga abin da aka ce masa ya ci, zan iya cin caca amsarsa: alkama, acca da wake. Shawarar ta zama kamar karatun allo. Alhali garin alkama da garin gero da na masara kusan kunnen doki suke, kowanne kusan kashi 70 cikin 100 sitaci ne. Acca ma hatsi ce. Sai ka ga mutum ya sayar da geron rumbunsa ya sayi alkama da tsada, ya tuƙa malmala biyu ya cinye da natsuwar cewa magani yake ci. Ainihin shawarar da masana abinci ke koyarwa ba haka take ba. Cewa suke a raba faranti, rabi ganye, kwata nama ko kifi ko ƙwai, kwata tuwo ko shinkafa. Wannan ai shi ma rage sitaci ne, sunan ne kawai ba a ba shi ba. Amma ma'aikacin da layi ya kai masa har waje, ina ya ga lokacin zana faranti? Kuma wane faranti, a gidan da mutum biyar ke sa hannu a kwano ɗaya?

Nan ne nake ganin gardamar intanet ta bar mu a baya. Keto na Instagram kifin teku ne da man zaitun da cukwi. Mutumin Kunduru abin da ya noma shi yake ci, rumbunsa gero ne da dawa da masara. Ka ce masa ya bar hatsi, kamar ka ce ya bar gida ne. Shi ma magani ba sauƙi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanoni irin su GSK da Sanofi suka sauya yadda suke kasuwanci a Najeriya, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa bidiyon da ya ce ka jefar da ƙwaya yake samun kasuwa. Ba wauta ce ta sa Baffa ya yarda ba, aljihu ne. Kuma masu wannan lissafi ba kaɗan ba ne, ƙididdigar 2021 ta gamayyar nan ta ce manya miliyan 3.6 ke da ciwon a Najeriya, a Afirka kuma fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba.

Ni dai inda na tsaya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya dace da mu yana cikin gidajenmu tun kafin a ƙirƙiro TikTok. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo, kuɓewa, kabeji, duk ganye ne masu cika ciki ba tare da ɗaga suga sosai ba. Awara ta waken suya, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙwai, busasshen kifi, nono marar suga. Wake yana da sitaci amma a hankali yake shiga jini, ya fi farar shinkafa nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata a fara kora ba tuwo ba ne, abin sha ne. Lemon kwalba babba yakan ɗauki wajen giram 50 na suga, ya cinye kason yini na ɗan keto a zama ɗaya. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnati ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. Sai shayi mai cokali huɗu da biredi, sai koko da kunun da aka zuba wa suga, sai zoɓon biki. Mu kanmu da ke kwana kan indomi da lemo a makaranta, layin da Baffa ke bi muke yi wa rajista.

In akwai mai ciwon a gidanku kuma yana son ya rage hatsi, to ya rage, amma a fara da zuwa wurin wanda ya rubuta masa maganin, a tafi da kwalayen a hannu, a ce ga abin da muke son yi. A samu na'urar gwajin nan ta yatsa, a auna kafin karin kumallo da kuma awa biyu bayan cin abinci, a rubuta a littafi. Ita ce za ta raba gardama, don abin da fura ke yi wa wani ba shi take yi wa wani ba. Haka in azumi ya gabato, ba a fafe gora ranar tafiya, a je a gyara awon magani tun cikin Sha'aban. In kuma ka ga gumi da karkarwa da ruɗewa, cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa in yana iya haɗiya. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti.

Baffa ya koma asibiti, an rage masa ƙwaya ta biyun. Yanzu kwanonsa daban, rabin malmala da miyar kuka mai yawa, kwaɗon rama a gefe. Ni aka ɗora wa sayen tsinken gwaji daga kuɗin makarantata, wai tarar bidiyo. Satin jiya ɗansa ya turo mini hoton littafin, lambobin safe sun fara sauka. A ƙasan shafin Baffa ya sa an rubuta mini tambaya: wai an ce ganyen mangwaro da tafarnuwa suna kashe ciwon gaba ɗaya, in duba masa a waya. Inna ce ta ji a wurin suna.