Tsakanin "Yi Haƙuri" Da "Sake Ni" Akwai Wata Ƙofa A Kotu

A hutun da ya wuce ina gida a Kusugu, wajen ƙarfe 11 na dare, muka ji ihu daga wani gida a layinmu. Ba wanda ya tambayi gidan wa ne, kowa ya sani. Da safe matar ta yi yaji, ido a kumbure. Bayan kwana huɗu mijin ya tura biko, dattawa suka zauna, aka ce ta yi haƙuri ta koma saboda yara. Ta koma. Kafin in dawo makaranta, an sake.

Kai da kake karanta wannan a wayarka, na san ka san irin gidan nan. Wataƙila ma na yayarka ne. Abin da ke damuna shi ne, hanya biyu kacal muka sani: ko ta zauna tana shan duka da sunan haƙuri, ko ta je gaban alƙali neman a raba auren. Alhali akwai ta uku, wadda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba: umarnin kariya daga kotu.

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. A Abuja kawai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. Mu a Katsina sai da muka jira fiye da shekara takwas, kafin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu kan tamu a watan Disambar 2023. Dokokin jihohi daga ta tarayya aka ɗebo su, kowace da gyare-gyarenta, don haka bari mu duba abin da uwar ta tanada.

Umarnin kariya oda ce da alƙali ke bayarwa don tsayar da cutarwa kafin ta kai ga asibiti ko maƙabarta. Kotu na iya hana mai dukan sake dukan, ta hana shi tura wani ya yi a madadinsa, ta hana shi zuwa inda matar take zaune ko wurin aikinta. Tana iya hana shi korar ta daga gidan da suke zaune tare. Tana iya sa a ƙwace makamin da ke hannunsa, ta sa ɗan sanda ya raka matar ta kwashe kayanta, ta kuma ɗora masa kuɗin biyan buƙatun gaggawa. In abin ya matsa, ana iya ba da umarnin wucin gadi tun kafin a saurari ɓangaren mijin. Wanda ya karya umarnin, a dokar tarayya, yana fuskantar tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe: ba lallai sai wadda ake duka ta je da kanta ba. Ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, jami'in jin daɗin jama'a ko malamin makaranta na iya shigar da buƙatar a madadinta, da izininta a rubuce. In yaro ne, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ba a jiran izinin. Kuma dokar ba ta mata kaɗai ba ce. Bilyaminu Bello namiji ne, a gidansa aka kashe shi a Abuja a 2017, kotu kuma ta samu matarsa Maryam Sanda da laifin a 2020.

Na san abin da wasu za su ce: ai dokar Turawa ce, an kawo ta ne don a rusa mana aure. To, umarnin kariya ba ya raba aure. Igiya na nan inda take, hannu kawai ake ɗaurewa. Sannan hana cutarwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, mace na iya kai ƙarar miji kan cutarwa, alƙali ya tsawatar masa, in abin ya tabbata har ya raba auren. Suratun Nisa'i ma ta zo da tsarin naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Ina sulhu zai yi armashi alhali ɗaya na tsoron daren da zai biyo baya? Umarnin kariya lokaci yake saya wa dattawa su yi aikinsu cikin natsuwa.

Amma fa kar mu yaudari kanmu, takarda ba ta tare mari. Mawaƙiya Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, a garin da dokar ta kusa shekara bakwai tana aiki. A Afrilun 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa kan mutuwar. Hukuncin ya zo, ita kuwa ta riga ta tafi. Doka na nan, amma ba ta isa gidan a kan lokaci ba.

Mu a nan matsalar ta fi haka. Matar layinmu ba ta da kuɗin lauya. Ofisoshin da ke taimakawa kyauta, kamar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, Legal Aid da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, a birnin Katsina suke, tafiyar fiye da awa guda a mota daga Daura. In ta samu odar, a ina za ta kwana, in iyayenta sun ce ba ta da ɗaki a gidan? Wa zai ciyar da yaran? In mijin ya karya umarnin da tsakar dare, wa zai zo? Muddin ana ce wa mace "maganar cikin gida ce, ku je ku sasanta", odar za ta ƙare a ƙarƙashin katifa.

Shi ya sa nake ganin aikin gwamnati bai ƙare da sa hannu ba. A fassara dokar zuwa Hausa mai sauƙi, a karanta ta a rediyo. A zaunar da 'yan sanda, Hisba, limamai da masu unguwanni na masarautar Daura a kanta, don su ake fara kai wa ƙara. A kuma samar da wurin da mace za ta fake na 'yan kwanaki.

Mu kuma fa? Mun iya yaɗa bidiyon mace da jini a fuska a TikTok da WhatsApp, mu yi tsinuwa kwana biyu, mu wuce. Wannan tona mata asiri ne kawai. In 'yar'uwarka ce ko ƙawarki, ku taimaka mata ta je asibiti a rubuta raunin, a ɗauki hoto a adana, a ajiye saƙonnin barazana da ranakun da abin ya faru. Ku nemo mata lambar ofishin da ya dace, ku raka ta in ta yarda. Kar ku yanke mata shawara, ita ta san abin da take tsoro.

Matar layinmu har yau tana gidan. Hutu mai zuwa zan nemi ƙanwarta, in faɗa mata abin da na faɗa maka yanzu.