Jirgin Kano Zuwa Maraɗi: A Tuna Da 'Ya'yan Masu Gona

Yau na ɗan ajiye labari gefe guda, domin in yi magana a kan jirgin ƙasan da aka ja wa layi ta gonakinmu na arewacin Kano.

Kamar yadda kuka sani, a watan Fabrairun 2021 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ya karɓi kwangilarsa. Layin ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar. Wanda ya san ƙasar nan tamu ya san babu dajin da ba mai shi, gona na jikin gona, iyaka sai gamba ko bishiyar kuka. Ke nan duk inda ƙarfen nan ya bi, to gadon wani ya ratsa. Tambayata ita ce, ranar da jirgi ya fara zirga-zirga, ɗan mai gonar zai iya shiga, ko nasa ɗaga hannu ne daga bakin kunya?

Abin da ya sa na tambaya, mun taɓa gani. Dogo ya iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga, manomanmu suka cika musu taragai da gyaɗa, har aka yi dalar gyaɗar da ake ba mu labari. A 1930 aka kai layi Nguru ta Ringim da Malam Madori. Duka lissafin kaya aka yi, mutum daga baya yake.

Ku dubi Turai. A 1972 suka fito da wani tikiti mai suna Interrail, wanda matashin da bai wuce shekara 21 ba zai saya sau ɗaya ya yi wata guda yana yawo a ƙasashe 21. Yaro zai ɗauki jakar goyo da 'yan kaya kala biyu, ya wuni a Faris, ya hau jirgin dare ya kwana a kujera don kada ya biya kuɗin masauki, gari ya waye masa a wani birnin. Daga 2018 ma Tarayyar Turai ta fara raba irin wannan tikiti kyauta ga wasu 'yan shekara 18. Jamus kuwa a 2022 ta yi wata uku tana sayar da tikitin wata a kan Yuro 9 kacal.

Mu ma ai ba baƙin tafiya ba ne. Fatake sun kai Gwanja da jakuna, almajirai sun tafi gabas da allo da buzu, kuma Alhaji Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Amma yau sai ka tarar da ɗalibi a Makoɗa ko Kunci ya haddace labarin Bayajidda don jarrabawa, alhali bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, bai ga hasumiyar Gobarau ba, bai kuma san cewa sarautar Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi ba. Littattafan da ke kasuwa kuwa kullum jaruma tana Dubai ko Landan, ga Daura nan kusa ba mai kai ta.

Na san wasu iyayen za su ce yawon banza ne, ga kuma tsoro, domin ba wanda ya manta harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Gaskiyarsu ce, tsaro shi ne kan gaba. To amma yaran nan dama suna tafiya ci rani Legas da Abuja a bayan tirela, kan buhuna ko tsakanin shanu. Wanne ya fi haɗari?

Don haka roƙona ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da wakilanmu abu uku ne. A yi tikitin ɗalibai na mako guda a lokacin hutu, mai rahusa, wanda za a sauka a kowace tasha a sake hawa. A samar da jirgin da zai riƙa tsayawa a ƙananan tashoshi irin Dambatta. A kuma keɓe tarago ga mata, yadda malama za ta ɗebi ɗalibanta iyaye na da kwanciyar hankali.

Yanzu ne lokacin magana, tun kafin a yanke farashi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya nuna mana ranar lafiya, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.