Kiredit Biyar Ba Shi Ne Makaranta Ba

A watan Satumba na 2025, da hukumar NECO ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare daga hedikwatarta a Minna, Kano ta kwana cikin murna. An ce jihar ce ta zo ta ɗaya a Najeriya: ɗalibai 68,159 suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, Legas na biye da 67,007. Gidajen rediyo suka ɗauka, Facebook ya cika da taya murna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan waɗanda suka zauna jarrabawar daga Kano, waɗanda sun haura dubu ɗari da talatin. Wato kusan rabi ne kawai suka tsallake, alhali a faɗin ƙasa kashi 60 cikin ɗari ne suka samu wannan sakamakon. Mun zo na ɗaya a yawan kawuna, amma idan aka auna da yawan waɗanda suka zauna, ko tsaka-tsakin ƙasa ba mu kai ba.

Na kawo wannan ne domin irin kuskuren da muka yi a kan jiha, shi muke maimaitawa a gidajenmu idan za mu zaɓa wa yaro makaranta. Wani ƙanina da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya biyar, ya same ni da shawara bayan kuɗin makarantun kuɗi ya fi ƙarfin albashinsa, kamar yadda ya fi ƙarfin dubban iyaye tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Yana so ya mayar da babbar 'yarsa makarantar gwamnati a cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Ya ce da ni, "Yaya, wacce ce a cikinsu aka fi cin jarrabawa?" Na ce masa tambayar ce ba ta yi ba. Ga dalilaina, ga shi da duk mai irin tunaninsa.

Dalili na farko, sakamakon NECO na makarantar gwamnati a Kano ya riga ya bi ta rariya. A aji biyu na babbar sakandare, ɗalibai na rubuta jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnatin jiha ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Wanda ya faɗi, sai dai iyayensa su biya masa, ko ya koma wata makarantar ya yi rajista, ko ya haƙura. Don haka idan shugaban makaranta ya ce maka yawancin ɗalibansa sun ci, tambaye shi: nawa suka shigo aji ɗaya shekaru uku da suka wuce, nawa suka kai ga ɗakin jarrabawa? Makarantar da ta ɗauki yara ɗari uku, ta kai ɗari ga NECO, casa'in suka ci, za ta yi ta shelar nasara. Wadda ta riƙe ɗari biyu da hamsin har ƙarshe, ɗari da hamsin suka ci, sai a ce ta gaza. A cikin biyun nan, wacce ta fi yi wa unguwa aiki?

Dalili na biyu kowa ya san shi, amma ba ma son faɗarsa a bainar jama'a. Akwai makarantun da sana'arsu sayar da kiredit ce. Ana karɓar kuɗi a hannun iyaye, a san yadda za a yi da mai sa ido, a rubuta amsa a allo. Kowace shekara NECO da WAEC na sanar da adadin waɗanda aka kama da satar amsa, da makarantun da aka soke wa izinin zama cibiyar jarrabawa. Malaman jami'a da na kwalejoji sun gaji da ganin ɗalibi da A a Turanci amma ba ya iya rubuta takardar neman izini. Idan mizanin iyaye shi ne allon da aka kafa a bakin titi, to mu ne ke ba maguɗi kasuwa. Wannan kuma ba cutar Najeriya kaɗai ba ce. A birnin Atlanta na Amurka, inda aka ɗaura ladan malamai da matsayinsu a kan makin jarrabawa, kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a 2015 saboda gyara amsoshin ɗalibai. Duk inda aka mayar da lamba ɗaya ta zama alƙali, za a samu masu yi mata kwaskwarima.

Dalili na uku, lambar kanta ba ta da tsayayyar ƙafa. A watan Agusta na 2025, WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Cikin 'yan kwanaki ta dawo ta ce an samu kuskure wajen maki, ta gyara zuwa kashi 62.96. Yara ɗaya, takardu ɗaya. Wanda ya yanke wa makaranta hukunci a makon farko, da wanda ya yanke a mako na biyu, da sun zaɓi makarantu daban.

Akwai kuma rashin adalcin da muke yi wa makarantar unguwa, idan muka auna ta da kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Tun kafa su a 1977, waɗannan makarantu ke fitar da likitoci da injiniyoyi, kuma Kano na da haƙƙin alfahari da su. Amma da jarrabawa ake shiga cikinsu. Zaƙaƙurai suke tsincewa. Makarantar jeka-ka-dawo a Hausawa ko Unguwa Uku ko Darmanawa tana karɓar duk wanda aka turo mata, har da yaron da ya gama firamare bai iya karanta jimla ba. Ingila ta gane wannan, shi ya sa tun 2016 take auna makarantun sakandare da nisan da ɗalibi ya yi daga inda ya shigo, ba da inda ya tsaya kawai ba. Mu kuwa har yau girbi muke dubawa, ba ma tambayar irin ƙasar da aka yi shuka a kai.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce makarantun gwamnati lafiya suke ba. Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma ba a ayyana ta-ɓaci a kan mai lafiya. Shirin ilimi kyauta kuma dole na gwamnatin Ganduje a 2019 ya buɗe ƙofa, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da yara ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare; duk wanda ya leƙa aji a cikin birni ya san tazarar da ke tsakanin takarda da zahiri. Abin da nake musu a kai shi ne kuɗin goron da muke yi musu. Makarantu biyu na iya zama ƙarƙashin hukuma ɗaya, da tsarin albashi ɗaya, a ƙaramar hukuma ɗaya, amma a ce ɗaya ana karatu, ɗaya zaman jiran ƙararrawa ake yi. Sau da yawa bambancin shugaba ne da 'yan malamai ƙalilan masu tsoron Allah. Wannan bambancin ba ya fitowa a allon bakin titi.

Gani ya kori ji. Abin da na ce wa ƙanina ke nan: ka ɗauki rana ɗaya daga aiki, Talata ko Laraba, ka je ba tare da sanarwa ba, bayan an dawo daga tara. Ka ƙirga azuzuwan da ke da malami a tsaye. Ka nemi izini ka duba littafin Lissafi na yara uku da ba shugaba ya zaɓo maka ba: yaushe aka yi aiki na ƙarshe, kuma an duba shi da jan biro? Ka tambayi waye ke koyar da Fiziks da Kemistiri, abin da ya karanta ke nan ko cike gurbi yake yi? Ka sa a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje, ka ga ko ƙura ce ke gadinsa. Tun da mace ce za ka kawo, ka duba banɗaki da ruwa da katanga, domin rashin su na raba 'yan mata da aji kwanaki a kowane wata, kuma babu jadawalin sakamakon da zai gaya maka haka. Ka auna hanya: za ta tsallaka titin Zariya da safe, ko Adaidaita Sahu nawa za ta hau, nawa ne a wata? Sannan ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ka ji makin da suka samu a JAMB, wadda ake rubutawa a kwamfuta, inda sayen amsa ya fi wuya.

Ya je makarantu biyu. A wadda aka fi yabo a majalisarsu, ya tarar da azuzuwa da yawa babu malami tun kafin azahar. A ɗayar, wadda fentinta ya koɗe, ya tarar da shugabar tana zagaye da rajista a hannu, littattafan yara kuma cike da gyaran jan biro. A nan ya sa 'yarsa, ya kuma ɗaukar mata malamin Lissafi na yamma da kaɗan daga kuɗin da ya rage masa. Ban ce ya samu aljanna ba. Ajin nata cunkushe yake. Amma ya san abin da ya zaɓa.

Saura magana biyu. Ta farko ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta jiha: a riƙa wallafa bayanan kowace makaranta duk shekara. Yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka rubuta kwalifayin, nawa suka ci, nawa suka zauna NECO, malamai nawa ke akwai a kowane darasi. Waɗannan alƙaluma suna cikin fayil. Ba sabon kwangila suke buƙata ba. Gwamnatin da ke ware wa ilimi kaso mafi tsoka a kasafinta bai kamata ta ji tsoron nuna abin da kuɗin ya haifar ba, makaranta bayan makaranta.

Ta biyu gare mu ce, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan banki da ke zaune daga Court Road zuwa Tarauni. Da yawanmu Rumfa ce ta yaye mu, ko Dala, ko Dawakin Tofa, da kuɗin talakawa. Yau muna wuce makarantar unguwarmu da gilashi a rufe, muna yanke mata hukunci da jita-jita. Kowace makarantar gwamnati tana da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin al'umma mai sa ido a kanta, kuma kujerun masu ilimi a cikinsu galibi wayam suke. Shugaban makaranta da ya san akwai likita da akanta da za su zo duba rajistar malamai a ƙarshen wata ba zai yi aiki irin na wanda babu mai tambayarsa ba. Ko ba ka da ɗa a can, yaran da ke ciki su ne za su zama ma'aikatan jinyar da za su yi maka allura, da malaman da za su koyar da jikokinka. Zango mai zuwa, ka shiga ka gani da idonka.